Usman Ɗaya Ne a Gidan Nan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Daga Jidda, zuwa ga ɗana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina gaida matarka Safiya. Allah Ya sa takardar nan ta same ku kun sauka lafiya, kun sami masauki, kun huta gajiyar hanya. Allah Ya tsare ku a ƙasar Italiya, Ya raba ku da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ku da mutanen kirki.

Zan ba mahaifiyarka takardar ta cusa a ƙasan akwatinka, don haka ba za ka gan ta ba sai ka kwance kaya. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san a Hausa kunnenka ya fi bakinka, bakinka kuma ya fi idonka, kuma laifin wannan ba naka ba ne, zan zo kansa. Ka karanta a hankali. Inda ya shige maka duhu ka tambayi Safiya, ita a Kano ta tashi.

Ba ni da labarin gida da zan ba ka, komai a idonka ka bar shi. A cikin mota nake rubutu, a ƙofar makarantar jikokin maigida da ke unguwar Safa, ina jiran a tashe su. Tun da aka sa ranar tafiyarku na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in rasa abin da ya fito da ni. Mahaifiyarka ta ce na zama kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai. Na ga gara in zuba abin da ke cikina a takarda, tun da a baki na kasa.

Ka tuna Juma'ar da muka dawo masallaci, muna cin shinkafa, Safiya ta ce ka yi mana bayanin abin da za ka je karantawa a birnin Rum? Ka ciro wayarka, ka nuna mana hoton wani dutse mai rubutu, ka ce dutsen kabari ne na zamanin Rumawa.

Ka ce, "Baba, shuf, duba nan. Ɗan asalin Rum suna uku yake da shi: nasa, da na zuriyarsa, da wani na uku. Bawa kuwa ɗaya ne. Kuma bayi da yawa sunan Girkawa suke amsawa, ya'ani mutanen Yunan."

Mahaifiyarka ta ce, "Duk Girkawan ne aka kamo?"

Ka ce, "A'a, Umma. Wasu Girkawa ne, wasu kuwa daga Sham suke, wasu daga Afirka. Mai saye ko mai sayarwa ne yake liƙa musu, don sunan Girka abin yayi ne a lokacin. Wannan da ke kan dutsen Yutukus ne, ma'anarsa mai sa'a. Akwai Onesimus, mai amfani. In an 'yanta shi sai ya ɗauki sunaye biyu na ubangidansa, na bautar ya koma na uku. In ya haihu kuwa, sau da yawa sai ya sa wa yaron suna irin na Rumawa zalla, don kada a gane daga ina aka fito."

A nan na tsame hannuna daga tire, na ce zan duba mota. Kun zaci haushin karatunka ne ya sake taso mini. Ba haka ba ne. Na zauna a motar ban kunna ta ba. Labarina na ji ka karanto daga kan dutsen mutumin da ya mutu tun kafin zuwan Musulunci, kuma ban so ka ga fuskata ba.

Bari in soma daga farko.

Sunana na yanka Usman. A garinmu kuwa, can gabas da Katsina, ba wanda ya san Usman, Tanko ake ce mini, don bayan mata na zo. Na zo Umra ina saurayi, na ƙi komawa, kamar yadda da yawa suka yi. Na yi dako, na yi wankin mota, na yi gudun 'yan sanda, har Allah Ya haɗa ni da wanda ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, ya ɗauke ni tuƙi. Ranar farko a gidansa ya tambayi sunana, na ce Usman. Ya dubi matarsa, ta dube shi. Ashe babban ɗansu Usman ne.

Matar ta ce, "Usman ɗaya ne a gidan nan. In na kira, wa zai amsa?"

Maigida ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Halas, shi ke nan. Kai Mabruk ne. Ka shigo mana da albarka."

Na ce to. Har godiya na yi.

Kada ka fahimce ni a baibai. Ni ba bawa ba ne, ba wanda ya saye ni, da ƙafata na zo, kuma mutumin nan bai taɓa cin haƙƙina ba har ya koma ga Allah. Ba shi nake zargi ba. Shi hanya mai sauƙi ya nema, ni kuwa na ba shi ita kyauta. Da na buɗe baki na ce, "Maigida, ina da wani sunan, Tanko," da ya gwada, ya yi dariya, ya iya. Mutumin da yake kiran sunayen motocin Japan ba gargada, Tanko ne zai gagare shi? Amma ina tsoron kada a ce sabon direba mai tsaurin ido ne. Sai daga baya wani tsoho ɗan Makka ya gaya mini cewa a zamanin da, irin su Mabruk da Marzuƙ su ne sunayen da aka fi sa wa bayi a ƙasar nan. Mai albarka, mai arziki. Ka ji bambancinsu da mai sa'a da mai amfani na kan dutsenka?

To ga gargaɗina na farko. Ranar farko ita ce ranar suna. Abin da ka amsa a ranar farko, shi za ka amsa har ka bar wurin. Kai da bakinka ka ce mutanen Italiya ba sa furta harafin farko na sunanka, za su haɗiye shi. In sun gwada sun kasa, ba komai, harshe ne, mu ma muna murɗe nasu. Amma in wani ya ce bari ya sauƙaƙa, ya ciro wani suna daga aljihunsa ya miƙa maka, ka mayar masa cikin fara'a. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ka faɗi naka a hankali, ka jira ya maimaita. Minti ɗaya ne na jin nauyi. Ni na guje wa wannan mintin, ga shi na tsufa ina biyan sa.

An tashi yaran, na kai su gida. Yanzu ina Abhur, a inuwar katanga, ina jiran uwargida ta fito daga wurin ƙawarta. Iskar teku tana kaɗa takardar, ka yi haƙuri da rubutun.

Da sunan ya tsaya a gidan aiki, da da sauƙi. Ni ne na fito da shi titi. A unguwar Madain Fahd, inda na kama ɗaki, duk wanda ya tambaye ni sai in ce Mabruk. Ina jin daɗin yadda yake fita, kamar na ɗan gari. In ɗan sanda ya tsayar da ni, ina ganin Mabruk ya fi Tanko saurin wucewa. Har Hausawa 'yan uwana da muke shan shayi tare, da shi suka san ni. Wanda ya san Tanko ɗaya ne, shi ma an kama shi an mayar gida.

Wata shekara yayata Ladi ta zo Hajji. Ita ta goya ni, ita ta yi mini wanka har na yi wayo. Lokacin ba wayar hannu, saƙo sai a bakin alhazai. Bayan an sauko Arfa aka kawo su Jidda jiran jirgi, ta roƙi wata mata ta rako ta Madain Fahd, don an gaya mata a can nake. Ta yini tana bin layi layi cikin rana. Ta tambayi Tanko, ba a sani ba. Ta tambayi Usman direba ɗan Katsina, aka nuna mata Usman guda biyu, ba ni a ciki. Ta shiga har shagon da nake sayen burodi kullum da safe. Mai shagon Bahaushen Sudan ne, abokina ne, muna sallah sahu ɗaya.

Ta ce masa, "Dogo ne, baƙi, yana da tabo a gira, jaki ne ya harbe shi yana yaro."

Ya ce, "Hajiya, mai tabo a gira da na sani Mabruk ne, kuma ban taɓa jin ya ce daga Katsina yake ba."

Ta ce, "To ba shi ba ne. Namu Tanko ne."

Ta bar ƙullin kaya a wurin matar da ta rako ta, ta ce ko Allah zai sa a dace. Sai da watanni suka shuɗe zancen ya zagayo kunnena a wurin wani taron suna. Na je na karɓa. Hula ce da innarmu ta sa aka ɗinka mini, da daddawa da ta riga ta bushe kamar dutse. Matar ta ce Yaya Ladi ta zauna a bakin titi ta yi kuka, ta ce me za ta je ta gaya wa tsohuwa. Abin da ta je ta gaya mata shi ne ba a san inda nake ba. Na aika saƙo da alhazan shekarar da ta biyo, amma saƙon ya tarar an riga an yi sadakar bakwai ɗin innarmu. Ta rasu tana zaton ko na mutu, ko ina kurkuku.

A ranar da Yaya Ladi take yawo ina cikin unguwar. Ranar hutuna ce. Ina ɗaki ina barci, layi biyu tsakanina da shagon.

Ɗana, ga na biyu: suna ba don kai aka yi shi ba, don masu nemanka aka yi shi. Yau akwai waya, za ka ce wannan ba zai sake faruwa ba. Zai faru ta wata hanya. Mutum yana iya ɓata alhali lambarsa tana aiki. Duk inda ka sauka, ka nemi inda mutanenmu suke, ko masu talla ne a bakin tasha, ko masu aikin gona. Kada ka ce kai ɗan jami'a ne. Ka gaishe su, ka gaya musu sunanka da na ubanka da garin kakanka. A bar mutum uku ko huɗu a birnin nan da in wani ya sauka ya tambaye ka, za su ce, "Mun san shi, zo mu kai ka."

Na uku ya shafe ka kai tsaye. Ka san ban cika kiran sunanka ba. Kana zaton alkunyar ɗan fari ce irin ta mutanenmu. Akwai wannan, amma ba ita kaɗai ba.

Da aka haife ka, mahaifiyarka ta roƙe ni in sa maka sunan mahaifinta, Isiyaku, wanda ya rasu tana da cikinka, ba ta sami zuwa gaisuwa ba. Na ce na ji. Amma duk kwanakin nan ina ta saƙe-saƙe. Na ga yaran Hausawa a makarantar unguwa, na ji yadda 'yan gari suke kwaikwayon sunayensu suna dariya. Na ce nawa ba za a yi masa haka ba. Na zaɓo suna daga cikin waɗanda nake ji a gidan maigida, wanda ba mai jin sa ya ce ɗan baƙi ne. Da safiyar suna na raɗa wa liman a kunne, ban shawarci kowa ba. Aka sanar: Hani.

Na shiga ɗaki wurin mata. Mahaifiyarka tana zaune tana riƙe da kai.

Ta ce, "Malam, me aka hana?"

Na ce, "Larabci ne. Ma'anarsa mai farin ciki, mai kwanciyar rai."

Ta ce, "A garinmu hani shi ne a ce kada ka yi. Ni dai an hana ni ubana."

Tun daga ranar take kiranka Abba, kamar yadda ake kiran wanda ya ci sunan kakansa. Ka taɓa tambaya me ya sa, aka ce maka laƙabi ne kawai. Yanzu ka sani. A bakinta kai Isiyaku ne, a takarda kai Hani ne, ni kuma na tsaya a tsakiya ina ce maka "kai".

Ban tsaya nan ba. Da ka soma wayo na kafa doka: Hausa a ɗaki, Larabci a waje. Wata rana a kasuwa ka ja rigata, ka ce da ƙarfi, "Baba, ina jin ƙishirwa." Na buge maka baki a gaban mutane. Ba ka yi kuka ba, ka dai dube ni. Daga nan Hausarka ta soma komawa ciki, har a ɗakin ma sai ka amsa mana da Larabci. Abin da na nema na samu, kuma ban ji daɗinsa ba ko kwana ɗaya. Kuma dariyar da na gudar maka ba ta fasa zuwa ba. Suna bai canja launin fatarka ba, sun kira ka abin da suka ga dama.

Shi ya sa da ka ce 'yantaccen bawa yakan sa wa ɗansa sunan Rumawa zalla, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Na san abin da ke ransa a ranar sunan. Ba ƙin asalinsa yake yi ba. Tsoro ne ya sa rigar ƙauna. Ka yi masa adalci in ka zo rubutu a kansa, kada ka ce ya ji kunyar kansa, ba ka san abin da ya gani ba. Amma kai kada ka yanke wa iyalinka hukunci da tsoro, kuma kada ka yanke shi kai kaɗai. Abin da ya shafi Safiya, ka gaya mata kafin ka gaya wa liman. Mace tana yafewa, mahaifiyarka ta yafe, amma tana nan tana kiran Abba har gobe.

Na tashi na zagaya motar, na dawo. Uwargida ba ta fito ba. Akwai abu na huɗu, shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa, don a sauran an yi mini ne ko na yi wa nawa. Wannan kuwa na yi wa bare.

Bayan na daɗe a gidan, na zama babba a cikin ma'aikata. Aka kawo wani mutumin Indiya mai kula da shuke-shuke, magidanci ne, ya girme ni ma. Ya faɗi sunansa, dogo ne, na ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na ce masa, "Wannan ba zai kiru ba. Kai Sadik ne." Ka san haka ake ce wa duk wani ɗan ƙasarsu a nan, wato aboki. Ya kaɗa kai, ya yi murmushi. Na san murmushin, irin nawa ne na ranar farko, amma ban tsaya na gane shi ba. Muka yi shekaru muna cin abinci a tire ɗaya. Na san yana da 'ya'ya mata, na san ciwon gwiwarsa, na san ba ya son yaji irin namu.

Wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a cikin lambu. Ni na ɗauke shi a mota zuwa asibiti, a guje, ba mu ɗauki komai nasa ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Sunansa?"

Na ce, "Sadik."

Ta ce, "Sadik wa?"

Na tsaya. Ta ce, "Ba tare kuke aiki ba?" Na ce tare muke. Ta ce, "Tun yaushe?" Suka shiga da shi, ni kuwa na tsaya a baranda ina so in yi masa addu'a, na rasa da wane suna zan roƙa masa. Allah Ya san shi, amma ni da nake kiran kaina abokinsa ban sani ba.

Ya tashi, alhamdu lillahi, amma aiki ya gagare shi, aka shirya mayar da shi gida. Kafin ya tafi na zauna a gefen gadonsa, na ce ya koya mini. Ya faɗa, na maimaita, ya gyara, na sake. Kunjimuhammad. Ya ce a harshensu ma'anarsa ƙaramin Muhammadu. Sunan Manzon Allah ne a ciki, shi na ture gefe na ce ba zai kiru ba.

Don haka ka kula. Wanda aka taka yana da saurin taka wani, kuma ba ya jin ƙarar. Za ka zama malami wata rana, in sha Allah, ɗalibai za su zo gabanka daga ƙasashen da ba ka taɓa ji ba. Mai share ofishinka ma yana da suna. Ka tambaya, ka koya, in ka manta ka sake tambaya. Kunyar sake tambaya ƙarama ce.

Saura maganar da ke tsakanina da kai. Lokacin da ka ce tarihi za ka karanta, ba injiniya ba, na ce a gaban baƙi, "Na sha rana ina tuƙi don ɗana ya je ya karanta kaburburan arna." Suka yi dariya, kai ka tashi ka fita. Muka daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban taɓa janye maganar ba, to yau na janye ta. Na zaci aikin banza ne mutum ya zauna yana tantance sunayen matattu. Ashe mutanen nan ba su bar komai a duniya ba sai sunan, wasu ma ba nasu ba ne. In wani ya zo bayan shekaru masu yawa ya durƙusa ya karanta, ya tambaya wa ya sa masa wannan, me uwarsa take kiransa, ni ban ga aikin banza a nan ba. Ka yi shi da kyau. Ka riƙe sallarka, ka yi shi da kyau.

Amma kada abin da na rubuta ya sa ka zama mai ɗaci, mai ganin duk sunan aro abin kunya ne. A ranar Juma'ar nan, bayan na dawo daga mota, na ji ka daga ƙofa kana gaya wa Safiya cewa ba bayi kaɗai ba, har wasu manyan gidajen Rum sun ɗauki sunan Girka don ado, irin su Filibus, mai son dawaki. Ka ce Rumawa sun ci Girkawa da yaƙi, amma sunayen Girkawa sun shiga har cikin ɗakunansu. Wannan ya tsaya mini a rai ina tuƙi. Mu ma ai haka muke. Usman ɗin da nake kuka a kansa, daga ƙasar nan kakanninmu suka ɗauko shi. Muka ɗauki Abubakar muka mayar da shi Garba da Habu, Muhammadu ya zama Mamman, A'isha ta zama Indo. Ba wanda ya tilasta mana, so ne ya kawo su, muka tauna su har suka zama namu. Aro ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wa ya zaɓa, kuma don me. Sunanka ma, ko da tsoro na zaɓe shi, kai ka cika shi da mutunci, yanzu naka ne. Ban ce ka canja ba.

Ga uwargida can ta fito, bari in taƙaita, sauran a gida.

Na dawo, na yi la'asar. Mahaifiyarka ta gaya mini abin da kuka ce kada a gaya mini tukuna, cewa Safiya tana da juna biyu. Kada ka yi wa mahaifiyarka faɗa, ta ga yadda nake zirga-zirga ne ta ce gara in sami abin da zan riƙe. Ke nan a can za a haihu, a can za a yi suna, ba ni, ba ita, ba maƙwabtan da za su cika gida. Wannan ne ya fi hana ni sukuni. Na so in rubuto maka sunan da za ka sa. Na ma rubuta, na soke, za ka ga wurin. Na riga na zaɓa sau ɗaya ni kaɗai, ya isa. Ku zauna ku biyu ku zaɓa, na Hausa ne, na Larabci ne, ko wanda mutanen can za su iya kira, ba ruwana. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka yi wa jaririn kiran sallah a kunne da bakinka. Ka nemi dabino ko guda ɗaya ne. In ya girma ya tambayi dalilin sunansa, ya zama kana da amsar da za ka ba shi kana kallon idonsa. In kuma ya ja rigarka a kasuwa ya yi maka magana da kowane harshe ne, ka sunkuya ka amsa masa.

Ka kula da Safiya, ba ta da kowa a can sai kai. Ka sa rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin, kai ɗan Jidda ne, ba ka san shi ba. Kada ka ci abin da kake shakka. Kada ka bar Juma'a ko da masallacin yana da nisa. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin faɗa, ita muryar take so.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sauki Safiya lafiya. Allah Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya sa ka gama da mutunci, Ya dawo mana da ku muna raye. In kuma ba a sake ganawa ba, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Tana zaune kusa da ni tana ninke rigunanka, ta ce in rubuta maka cewa ba ta yi kuka ba. Na rubuta.

Wassalam.

Mahaifinka.